Yadda na kai matakin B1 a Faransanci, da tambayoyin da suka cika min littafi

Wata 19 cif na kwashe daga ranar da na ɗaura niyyar koyon Faransanci da gaske zuwa ranar da na zauna jarrabawar DELF B1, wato jarrabawar shaidar iya Faransanci ta matsakaicin mataki, kuma tunda sakamako ya fito 'yan uwa masu koyo suke ta turo min tambayoyi, wai ya akai na iya R ɗin nan tasu, ya ake gane kalma mace ce ko namiji, me yasa abin da ake rubutawa daban abin da ake faɗa daban. Wallahi duk tambayoyin nan babu wadda ban yi ba, wasu ma har hawaye sai da suka sa ni, shi yasa nace bari in zauna in rubuta yadda abin ya tafi min tiryan-tiryan, ko wani zai samu sauƙin da ni ban samu da wuri ba.

Wata 5 na farko ni kaɗai nake yi da manhaja a waya, kuma ta hanyar Turanci take koyarwa, kullum sai na yi, ina cin maki ina jin daɗi, na haddace kalmomi masu yawa har ina iya karanta gajeren labari in gane. Sai na samu malama da muke darasi ta intanet sau biyu a sati, mace mai haƙuri wadda ta daɗe tana koyar da baƙin harshe. Ranar farko bayan gaisuwa sai tace min wani abu da kunnena ya ji kamar "vuzavekelaj". Na yi shiru. Ta maimaita, shiru. Sai ta rubuta min: vous avez quel âge ? Kalma huɗu, kuma duk huɗun na san su, na sha rubuta su, shekaruna kawai take tambaya, amma a bakinta sun haɗe sun zama dunƙule ɗaya. Ranar jikina ya yi sanyi sosai, don na gane ido na koyar wata biyar, kunne da baki ko fara makaranta ba su yi ba.

Ita tace in ware littafi guda na tambayoyi kawai, duk abin da ya ɗaure min kai in rubuta kar in bar shi ya kwana a raina, ƙarshen kowane darasi mu ɗau minti 10 a kansu. Kuma tana da wata ɗabi'a, ko kalma ɗaya ta Hausa ba ta ji amma duk sanda na kasa gane abu sai tace "toh ku a yarenku ya kuke faɗin wannan?" Da farko na ɗauka son sani ne kawai irin na malamai. Ashe nan maganin yake.

Tambaya ta farko a littafin ita ce ta haɗewar kalmomin nan, liaison suke ce masa. Harafin ƙarshe na kalma yawanci a kwance yake ba a furta shi, amma in kalmar da ke biye ta fara da wasali sai ya farka ya manne mata, kuma wani lokacin ma ya canza murya. Les shi kaɗai "le" ne, amma les amis sai ya zama "lezami". Deux heures "dözör", neuf heures f ɗin ya koma v, grand homme d ɗin ya koma t. Wanda ya fi ba ni wahala ils ont da ils sont, ɗaya da z ɗaya da s, ɗaya "suna da" ɗaya kuma "su ne", bambancin kenan duka. Sannan akwai wuraren da haramun ne a haɗa, bayan et ba a taɓa yi, haka kuma wasu kalmomi masu h a farko suna toshe hanya, les héros ba a cewa "lezero" don in ka faɗi haka ka ce les zéros, wato jarumai sun koma sifirai. Waɗannan kalmomin babu wata alama a jikinsu, ƙamus ne ke nuna su, sai dai a haddace.

Maganar haruffan da ba a furtawa kuwa, abin da ya taimake ni shi ne sanin cewa c, r, f, l su ne suka fi fitowa a ƙarshen kalma, kamar sac, pour, neuf, sel, sauran irin su s, t, d, x, p yawanci shiru, duk da su ma huɗun suna da masu bijirewa irin blanc da gentil da duk aikatau masu ƙarewa da -er. Vingt harafi biyar ne amma sauti biyu kacal. Ils parlent, -ent ɗin nan gaba ɗaya ba a jinsa, daidai yake da il parle a kunne. Na tambaye ta me yasa ba za su goge su su huta ba, tace da yawansu a da can ana furta su, baki ya ci gaba rubutu ya tsaya, wasu kuma malamai ne suka cusa su don nuna asalin kalmar a Latin. Har 'yar hular nan da ake ɗora wa wasali a forêt, hôpital, île, yawanci kabarin wani s ne da ya faɗi. An yi gyaran rubutu a 1990 wanda ya yarda a cire hular a kan i da u a kalmomi da yawa, kuma duka tsohon rubutun da sabon karɓaɓɓu ne a jarrabawa.

Yanzu bari in zo kan furuci don nan na fi daɗewa, kuma nan ne nake ganin mu Hausawa muke ɓata ƙarfinmu a inda bai kamata ba. Kowa R yake tsoro. Ni ma sati uku na yi ina kakari a gaban madubi har maƙogwarona ya yi ciwo. Malama tace in dakata, R ko na kaɗa ta da harshe irin tamu kowa zai gane ni, miliyoyin masu Faransanci a Afirka da wasu yankunan Faransa da Kanada da harshe suke yin ta, ba ta canza ma'anar kalma ko ɗaya. Tace abin da ke damunta a bakina p da f ne. Ni ban ma san ina da matsalar ba. Na ce mata je parle un peu, ita kuma feu take ji, peu kaɗan, feu wuta. A Hausa ko fanka kace ko panka abu ɗaya ne, kunnenmu bai taso yana raba su ba, kuma f ɗinmu da leɓe biyu muke yin ta, alhali tasu sai haƙoran sama sun sauka kan leɓen ƙasa. Port da fort, pont da fond, père da fer, duk kalmomi ne daban daban. Abin da na yi, na dinga tsayawa gaban madubi ina duba ko ina ganin haƙorana, in f ce dole in gan su, in p ce dole leɓe ya rufe ruf sannan ya buɗe. Haka v da b, voir gani boire sha, vent iska banc benci. V ɗin f ce kawai da aka sa mata murya, in ka ɗora yatsa a maƙogwaro za ka ji yana rawa. Wata guda ina wannan kullum da safe kafin ya zauna, kuma har yau in na gaji ko ina sauri sai na kula.

Sai u da ou. Ou ita ce u ɗinmu, ba matsala. Amma u tasu babu ita a Hausa kwata-kwata, kuma dabarar da ta yi min aiki ita ce kace "iii" ka riƙe, harshe kar ya motsa ko kaɗan, sai ka tsuke leɓe kamar za ka yi fito. Sautin da ya fito shi ne. Tu da tout, rue da roue, vu da vous, kuma mafi haɗari dessus da dessous, na farko a sama na biyu a ƙasa, kishiyoyin juna ne kuma wasalin nan kaɗai ya raba su. R ɗin kuwa daga baya ta zo da kanta, ranar da na lura kusan wurin da muke fitar da harafin غ a karatun Alƙur'ani take fita, sai dai a sassauta ta. Na fara da kalmomi masu gr, grand, gris, gros, tunda g ɗin ta riga ta kai harshe can baya, daga nan sauran suka biyo. Duk wanda ya yi tajwidi yana da R ɗin nan a bakinsa tuntuni.

Wasulan hanci ma sun ci min lokaci. Mu in mun ga bon sai mu rufe shi da n irin ta "nan" da "can", su kuma ba sa furta n ɗin sam, wasalin ne kawai ake bari iska ta bi ta hanci. In ka furta n ka koma bonne, wato ka mai da shi na mace. Vent, vont, vingt, su na dinga jerawa ina naɗar muryata a waya ina saurare, ranar farko duk ukun iri ɗaya suka fito. Wani abu da ban ba muhimmanci ba sai da ya cutar da ni a gwajin saurare shi ne le da les. Mu jam'inmu a jikin kalma yake, littafi littattafai, ba mai ruɗewa. Su livre da livres sauti ɗaya ne, ɗan wasalin le ko les ne kaɗai zai gaya maka ɗaya ne ko da yawa, in ya wuce ka shikenan.

Toh jinsi, tambayar da kowa ke yi. Littattafan da aka rubuta wa masu Turanci suna gabatar da shi kamar wani baƙon bala'i, ni ma na karɓe shi a haka, har ranar da malama ta yi tambayar tata na tsaya na yi tunani nace ai mu ma muna da shi, rana ta fito, wata ya fito, mota ta tsaya, jirgi ya tashi, kuma ba wanda ya taɓa tambayar me yasa mota mace ce. Sifa ma haka, dogo doguwa, ƙarami ƙarama, daidai da grand grande, petit petite. Daga ranar na daina jin tsoronsa. Sai dai fa kar a ɗauko jinsin Hausa a kai can, nan na yi ta faɗuwa, don rana mace ce a wurinmu su kuma le soleil namiji, wata namiji su la lune mace, gida namiji la maison mace, ruwa namiji eau mace. Kamar yadda mu yawancin kalmomin mata da -a suke ƙarewa amma ga gida da ruwa da suna sun fita zakka, haka su ma ƙarshen kalma yana ba da haske: -tion, -sion, -té, -ette yawanci mata, -ment, -age, -eau, -isme yawanci maza, sai 'yan tawaye irin la page, la plage, l'image, la peau, le côté, l'été. Akwai ma waɗanda jinsin ne ke canza ma'anar, le livre littafi la livre ma'aunin nauyi ko kuɗin Ingila, le tour zagaye la tour hasumiya. Shawarar da zan ba kowa, kar ka taɓa haddace kalma tsirara, ka haddace ta da un ko une, ba le ko la ba, saboda l'école ba ya nuna komai amma une école ya nuna. Kakanninmu ma da suka ari kalmar tare da l ɗinta suka ɗauko, shi ne ake jin lakwal a Hausar Nijar.

Ni da nake mace sai da na koyi jin kaina a cikin jimla. Na tafi a Hausa ko mace ko namiji ɗaya ne, amma can je suis contente zan ce t ɗin ta fito, je suis allée da ƙarin e a rubuce. Kalmomin son da sa kuma sun ruɗa ni sosai don ina ta neman "nasa" da "nata" a cikinsu, ashe ba ruwansu da mai abu, abin da aka mallaka suke bi. Son livre littafinsa ne kuma littafinta ne, sa voiture motarsa ce kuma motarta ce. Da na duba da kyau sai na ga aikin -n da -r ɗinmu suke yi, littafi-n, mota-r. Sai kuma mon amie, ana sa mon ko da mace ce don kar wasali biyu su yi karo.

Aikatau kam ba zan ɓoye ba, akwai haddar da ba makawa sai an yi ta, être, avoir, aller, faire da sauran marasa bin doka, na rubuta su na maimaita har ba adadi. Amma wurin da ake cewa ya fi wuya, wato bambancin passé composé da imparfait, wata biyu ina karanta bayaninsa da Turanci ban gane ba, Hausa ta warware min shi a zama ɗaya. Ina karatu sai ya shigo: je lisais quand il est entré. "Ina karatu" shi ne imparfait, abin da ke gudana, shimfiɗar labari, "ya shigo" shi ne passé composé, abin da ya faru ya ƙare. Nakan je can da ina yarinya, shi ma imparfait ne, j'y allais. Shikenan fa. Daga ranar in zan rubuta labari sai in faɗe shi a zuciyata da Hausa, inda naji "ina" ko "nakan" in sa ɗaya, inda naji "na" ko "sai na" in sa ɗayan, ba kullum yake dacewa ɗari bisa ɗari ba amma ya fi duk wata doka da na haddace.

Subjonctif ma haka, wanda ake tsorata masu koyo da shi tun kafin su iso. Mu ba ma cewa "dole na tafi" da nufin abin da bai faru ba tukuna a daidaitacciyar magana, dole in tafi muke cewa, ina so ka zo, kafin ya dawo, don su gane. Wannan "in, ka, ya, su" ɗin shi ne: il faut que je parte, je veux que tu viennes, avant qu'il revienne, pour qu'ils comprennent. Kusan duk inda suke sa shi mu ma muna sa namu. Inda muka rabu kaɗan ne, misali espérer que ba ya ɗaukarsa duk da fata ne, j'espère que tu viendras ake cewa, su kuma suna sa shi bayan jin daɗi ko baƙin ciki, je suis contente que tu sois là. Korewa ma gida biyu take kamar tamu, ban tafi ba, je ne suis pas partie, ba…ba, ne…pas, aikatau a tsakiya. On dit kuwa "ana cewa" ne sak, sai dai a hira sun mai da on ya zama "mu", on y va mu tafi. J'ai 30 ans ina da shekara 30, il y a akwai, est-ce que shin. Gaskiya raina ya ɗan ɓaci da na ga wata nawa na yi ina zagaye ta wani harshe alhali ga hanya a bakin ƙofata.

Akwai dai wuraren da Hausa ba ta cece ni ba. Aikatau da ke ɗaukar être a passé composé maimakon avoir, su aller, venir, arriver, partir, entrer, sortir, monter, descendre, naître, mourir, rester, tomber da 'yan uwansu, malama zanen gida ta yi min, mutum ya iso ya shiga ya hau ya zauna ya sauko ya fita, na manna a bango. Kuma wasunsu in suka ɗauki abin da aka yi wa aiki sai su koma avoir, je suis sortie na fita, j'ai sorti la voiture na fitar da mota. Sai dokar nan ta la lettre que j'ai écrite, inda ake ƙara e saboda wasiƙar ta riga aikatau zuwa, wadda ake dangantawa da mawaƙi Clément Marot tun ƙarni na 16, su kansu Faransawa suna kuskurenta kullum. Savoir da connaître mu duk "sani" ne, abin da na riƙe shi ne connaître suna ke bin sa, mutum ko wuri, savoir kuma que ko si ko wani aikatau, kuma yana ɗaukar ma'anar "iya", je sais nager na iya iyo. Tu me manques sai da na juya kaina, ina kewarki ake nufi amma wadda ake kewar ita ce a gaba. Wanda ya yi Turanci kuma ya yi hattara da kalmomi masu kama da na can, librairie shagon sayar da littattafai ne ba laburare ba, attendre jira ne, assister à halarta ne, actuellement a halin yanzu.

Lambobi ba zan daɗe a kansu ba. 70 sittin da goma, 80 ashirin sau huɗu, 99 ashirin sau huɗu da goma sha tara, quatre-vingt-dix-neuf. Mu masu cewa ashirin ba ɗaya ko ɗari ba biyu bai kamata lissafi cikin ƙirga ya zame mana baƙo ba, matsalar sauri ce kawai, lambobin waya na dinga sa malama ta karanto ina rubutawa. A Beljiyam da Suwizalan septante da nonante suke cewa.

Tu da vous kuwa ba nahawu ba ne, ladabi ne. Kamar yadda ake ce wa babba "ku" ko shi kaɗai ne, haka vous take, ga baƙo, ga babba, ga ma'aikaci a ofis, kuma ƙa'idar da malama ta ba ni ita ce ki fara da vous ki jira a ce miki on peut se tutoyer, wato za mu iya komawa tu. Ni da ita sai da muka yi wata 4 kafin ta faɗa min haka, kuma na ji daɗin ranar ba kaɗan ba. Ta kuma ja kunnena kan bonjour, kar in taɓa tambayar mutum komai ban fara da shi ba, wannan kam bai yi min wuya ba.

Kunne shi ne ya fi jinkirin buɗewa. Abin da na lazimta shi ne labaran RFI na Journal en français facile, minti 10 ne kuma suna sa rubutun abin da aka faɗa. Saurare na farko ba tare da duba komai ba, na biyu ina bin rubutun da ido ina ja wa duk liaison layi, na uku ina maimaitawa a bayan mai karantawa kamar ɗalibi a gaban malamin allo, sannan in zaɓi jimla uku in rubuta su daga ji kawai in gwada da nasu. A nan na gano parler, parlé, parlez duk sauti ɗaya ne, dabarar ita ce ka sa vendre a wurin, in vendre ya zauna -er ne, in vendu ya zauna -é ne. Amma da na fara kallon hirar mutane ta yau da kullum sai na sake komawa baya, don ne ɗin korewa yar da ita suke yi, je ne sais pas ya koma "shepa", je suis "shwi", tu as "ta", il y a "ya". Malama tace in koyi jin su amma kar in rubuta su a jarrabawa.

DELF ɗin takardar shaida ce ta ma'aikatar ilimin Faransa, tun 1985 ake yin ta, matakai A1, A2, B1, B2, sama da su kuma DALF C1 da C2, kuma in ka samu ta har abada ce, ba kamar wata jarrabawar Faransancin da ake kira TCF ba da ke ƙarewa bayan shekara 2. Kashi huɗu ce, saurare, karatu, rubutu, magana, kowanne maki 25, ana neman 50 cikin 100, amma in ka samu ƙasa da 5 a kashi ɗaya ka faɗi ko nawa ka tara a sauran. Wannan sharaɗin shi ya hana ni barci saboda saurare. Ranar, da aka kunna muryar farko gabana ya faɗi don jimlar farko ta wuce ni gaba ɗaya, sai na tuna sau biyu ake sa kowanne, na ajiye biro na saurara kawai, a zagaye na biyu na amsa. Rubutu minti 45 ne, aƙalla kalma 160, na bar minti 8 na ƙarshe don abu ɗaya tak, bin kowane suna in duba jinsinsa da sifarsa, kuma na kama kurakurai huɗu a nan.

Maganar baki ita ce ba zan manta ba. Ana ba ka minti 10 ka shirya ra'ayinka kan wata 'yar takarda da ka zaɓa cikin biyu da ka zaro, sannan ka shiga wajen minti 15, ka gabatar da kanka, ku yi wasan kwaikwayo da mai jarrabawa, sannan ka faɗi ra'ayin naka. A wasan kwaikwayon ta zama maƙwabciyata da ke ƙure sautin talabijin da dare, ni kuma in je in yi mata magana. Tafin hannuna duk gumi. Na fara da bonjour madame, na riƙe vous, ita kuma ta dage wai ba ta ji sosai ne, ni me ya dame ni. Ban san sanda bakina yace je comprends, madame, mais il faut que vous baissiez un peu le son ba, da subjonctif ɗinsa daidai, kuma peu ɗin da p ya fito, leɓena ya rufe ruf, na ji shi da kaina. Na ga ɗayar mai jarrabawar da ke gefe ta rubuta wani abu a takarda. Sakamako ya fito bayan 'yan makonni, na wuce da rata mai kyau alhamdulillah, saurare ne mafi ƙarancin makina kamar yadda na zata, magana kuma ita ce mafi yawa.

Littafin tambayoyin ya cika na buɗe na biyu don B2, inda rubutun ya koma kalma 250 kuma sai ka kare ra'ayinka da hujja. Tambayar farko a cikinsa ta satin da ya wuce ce, kan plus, yaushe ake furta s ɗinsa. Malama tace in yana nufin ƙari a ƙarshen magana ana furtawa, in yana nufin an daina ba a furtawa, kuma tunda suna yar da ne a hira, j'en veux plus a rubuce yana iya zama "ina son ƙari" yana iya zama "ba na so kuma", s ɗin nan kaɗai ke rabawa. Ta karanto min jimla 10 tace in ɗaga hannu duk inda naji s, na samu 7, ranar Talata za mu sake.